AMEN: Maki Shida A Allon Wasa, Sa Hannu A Gaban Allah



Ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, ina cikin rufe tagogin majami'a, sai na ji gardama ta kaure a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofa. Da na leƙa sai na tarar samari huɗu ne 'yan ajin baftisma, sun shimfiɗa tabarma, sun sa allon wasan nan na haɗa kalmomin Turanci a tsakiya, wato wanda ake kira Scrabble. Ɗayansu ya jera haruffa huɗu, A da M da E da N, ya ce a rubuta masa makinsa. Abokin karawarsa ya ce atafau bai yarda ba, wai wannan ba Turanci ba ce, amin ɗinmu ce ta Hausa aka karkatar. Na uku ya ce duk ba su sani ba, Larabci ce. Da suka hango ni sai suka ce, "Yauwa, Malam, zo ka raba mu."

Na ce a kawo ƙamus. Aka buɗe, sai ga kalmar nan zaune daram a cikin kalmomin Turanci. Aka ƙirga maki, ya tashi shida. Wanda ya jera ta ya dube ni ya ce, "Malam, ashe duk amin ɗin da muke ta yi tun safe maki shida ce kawai?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Amma da na koma gida maganar yaron nan ta ƙi barin zuciyata, domin na tuna wannan ita ce kalmar da muka fi yawan faɗa a cikin sujada, ita ce kuma wadda ban taɓa zama na koya wa ajin nan ma'anarta ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Yadda aka yi ta zama maki shida

Bari mu fara da wasan, tun da yake shi ya jawo maganar. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, sunansa Alfred Butts, shi ya ƙago shi bayan ya rasa aikinsa a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. A 1938 ya kammala shi a kamannin da ya yi kusa da wanda aka sani, sa'an nan a 1948 wani mai suna James Brunot ya ɗan gyara dokokin, ya raɗa masa suna Scrabble, ya shiga sayarwa. Allon yana da gidaje 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. Ƙwayoyin wasan guda 100 ne, kowace da harafinta da makinta, ban da guda biyu da aka bari ba rubutu. Kowane ɗan wasa yana riƙe da ƙwayoyi bakwai, in kuwa ya iya zubar da su duka a kalma ɗaya sai a ƙara masa maki 50.

To, yaya aka yanke wa kowane harafi makinsa? Butts ya zauna ne da jaridu, har da New York Times, yana ƙirga sau nawa kowane harafi yake fitowa a rubutun Turanci. Harafin da ya cika fitowa sai ya ba shi maki kaɗan, ya kuma yawaita ƙwayoyinsa. Wanda ke da wuyar samu sai ya ba shi maki mai yawa. Shi ya sa E take da ƙwayoyi 12, A tana da 9, N tana da 6, kowannensu kuwa maki ɗaya ne tak. M ƙwaya biyu ce kawai a cikin jaka, makinta uku. Ka tara ɗaya da uku da ɗaya da ɗaya, ka sami shida. Q da Z kuwa, da yake ba a cika ganinsu ba, kowannensu maki goma ne, har ya zama kalmar quiz, mai haruffa huɗu ita ma, tana kawo maki 22.

Duk da haka gwanayen wasa ba su raina amen ba. In ita aka fara sawa a tsakiyar allo, makin yakan ninka ya zama 12. In ta faɗa gidan da ke ninka kalma sau uku, ta zama 18. Bugu da ƙari tana karɓar ƙari gaba da baya. A sa mata S a ƙarshe ta zama jam'i, maki bakwai. A sa mata D ta zama amend, wato gyara, maki takwas, ko da yake ita wannan daga Latin ta fito, ba dangin amen ba ce ko kaɗan. A sa R a gabanta ta zama ramen, wata irin taliya ta Japan. Haruffan nan huɗu kuma in aka jujjuya su sai su ba da name, wato suna, da mean, wato nufi, da mane, wato gezar doki ko ta zaki. Akwai ma nema, wadda ƙamus ɗin wasan ya karɓa a matsayin sunan wata irin tsutsa, ba neman da Bahaushe ya sani ba. Wani abin dariya kuma, ko da yaron nan ya rubuta amin irin tamu, da an karɓa, domin a ƙamus ɗin wasan akwai kalma mai wannan rubutu, sunan wani sinadari ne, makinta shida ita ma.

Kada wani ya ɗauka wasan nan na banza ne. A watan Nuwamba na 1915 babu shi ma a duniya, amma shekara ɗari bayan haka, a Nuwamba 2015, ɗan Nijeriya Wellington Jighere, mutumin Jihar Delta, ya ci gasar duniya a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, inda ya doke Lewis Mackay na Birtaniya a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya taɓa yin haka, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buga masa waya ya yi masa barka. Yaranmu da ke wannan wasa suna koyon rubutu da lissafi da haƙuri, ya kuwa fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Wasan ba ruwansa da ma'ana. Abin da yake tambaya kawai shi ne, kalmar tana cikin ƙamus ko ba ta ciki? A wannan shekara ta 2015 wani gwani mutumin New Zealand, Nigel Richards, ya ci gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Haddace ƙamus ɗin ya yi cikin kamar mako tara. A allon wasa wannan gwaninta ce, kowa kuma ya jinjina masa. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce, shin ba haka da yawa daga cikinmu muke yi da amin a majami'a ba?

Daga ina ta fito?

Samarin nan uku kowa yana da ɗan rabonsa na gaskiya, amma ba wanda ya kai gindin maganar. Asalin kalmar Ibrananci ce, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi. Ta tsiro ne daga wata saiwa mai baƙaƙe uku, waɗanda muke iya kwatanta su da alif da mim da nun, ma'anar saiwar kuwa ita ce abin da ya kafu, ya tsaya da ƙarfi, wanda za a iya jingina da shi ba ya gocewa. Daga wannan saiwa aka sami kalmar da aka yi amfani da ita a Farawa 15:6 inda Ibrahim ya ba da gaskiya ga Allah. Daga gare ta aka sami wadda ta kwatanta hannuwan Musa a Fitowa 17:12, sa'ad da Haruna da Hur suka tallafe su suka tsaya cik har faɗuwar rana. Daga gare ta kuma aka sami sunan mai renon yaro, kamar yadda aka kira Na'omi a Rut 4:16. Ka ga ke nan wanda ya ce amin yana cewa ne, maganar nan tabbatacciya ce, na jingina da ita, bari ta zama haka.

Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne, saiwar nan kuma tana cikin Larabci. Ta wannan hanya ce ta shigo Hausa tun da daɗewa, kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar nan. Kuma ba ita kaɗai ta shigo ba, da danginta ta zo. Aminci, da amana, da amini, da amincewa, da imani, da mumini, da sunaye irin su Aminu da Amina, duk tsatso ɗaya ne da amin. Shi ya sa Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani. Kowa ya san nauyin amana, kowa kuma ya san abin da ake kiran wanda ya ci ta. Maƙwabtanmu Musulmi suna cewa amin bayan karatun Fatiha, Yahudawa suna faɗarta a majami'unsu, mu ma haka. A kasuwa ma in an ce maka Allah ya kiyaye hanya, ko Allah ya raya, ba ka da amsar da ta wuce ta.

Zuwa Turanci kuwa doguwar tafiya ta yi. Yahudawan Iskandariya ta Masar da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, tun daga ƙarni na uku kafin haihuwar Kristi, a wurare da yawa sun fassara ta da kalma mai nufin "bari ya zama haka". Amma marubutan Sabon Alkawari, ko da yake da Helenanci suka yi rubutu, sai suka bar ta da Ibranancinta. Daga Helenanci ta shiga Latin, daga Latin kuma ta shiga bakin mutanen Ingila, bayan da masu wa'azi daga Roma suka sauka ƙasar Kent a shekara ta 597. Wato ta fi shekara dubu a cikin Turanci, don haka ba wanda zai ce mata baƙuwa. Turawa suna furta ta iri biyu, waɗansu su ce "amen", waɗansu su ce "emen". Na biyun ya samo asali ne daga wani babban canji da wasulan Turanci suka yi daga wajen shekara ta 1400 zuwa gaba. A wajen waƙa dai na farkon aka fi amfani da shi.

Akwai wata magana da ke yawo, wai amin sunan wani gunkin Masar ne da ake kira Amun, wai duk mai faɗarta gunki yake kira. Masana harsuna ba su karɓi wannan ba. Sunan Amun a harshen Masar na dā yana nufin ɓoyayye ne, ba shi da dangantaka da saiwar Ibrananci mai nufin tabbaci. Kama da wane ba ta wane. Ai mun gani a sama, nema ta ƙamus ɗin wasa da nema ta Hausa rubutunsu ɗaya, amma ba abin da ya haɗa su.

Yadda Littafi Mai Tsarki ya yi amfani da ita

A Tsohon Alkawari kalmar ta fito kamar sau talatin. Wurin farko shi ne Littafin Lissafi 5:22, kuma ba wurin murna ba ne. Mace ce da mijinta ke tuhuma, firist ya ɗora mata rantsuwa, ita kuma ta amsa da amin har sau biyu, wato ta yarda hukuncin ya faɗa kanta in ta yi ƙarya. Sa'an nan a Kubawar Shari'a 27, daga aya 15 zuwa 26, an faɗe ta sau goma sha biyu a jere. An umarci kabilun Isra'ila su tsaya a kan duwatsu biyu, Gerizim da Ebal, Lawiyawa su riƙa furta la'ana a kan mai sassaƙa gunki, da mai raina iyayensa, da mai matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa, da mai ɓad da makaho a hanya, da mai danne hakkin baƙo da maraya da gwauruwa, da mai karɓar toshi don a kashe marar laifi. Bayan kowace ɗaya dukan jama'a su ce amin.

A lura da kyau a nan. Mutanen nan ba maƙiyansu suke la'anta ba. Kansu suke ɗaurewa. Kowa yana cewa ne, in ni ne na matsar da iyakar gona, to, abin ya hau kaina. Wannan ita ce amin ta farko da Allah ya koya wa jama'arsa, kuma ta fi kama da dangwala yatsa a takardar yarjejeniya fiye da tafi.

Daga baya ta zama amsar yabo. Zabura ta kasu littattafai biyar, huɗu na farko kuwa duk da amin suka ƙare, kamar yadda za a gani a 41:13, da 72:19, da 89:52, da 106:48. A Nehemiya 8:6, da Ezra ya buɗe littafin Shari'a ya yabi Ubangiji, jama'a suka ɗaga hannuwa suka amsa da ita sau biyu, amma sai da aka bi aka bayyana musu ma'anar abin da aka karanta har suka fahimta.

Ubangijinmu Yesu kuwa ya yi wani abin da ya bambanta. Mutane sukan sa amin a ƙarshen maganar wani, shi kuwa sai ya sa ta a farkon tasa maganar. Wuraren nan da muke karanta "hakika" a farkon koyarwarsa, a Helenanci amin ce a wurin. A Bisharar Yohanna ma ninka ta yake yi, har sau 25. Ba ya jiran wani ya tabbatar masa, shi ne mai tabbatarwa. Shi ya sa a Ru'ya ta Yohanna 3:14 aka kira shi da wannan suna, Amin, Bulus kuma a 2 Korinthiyawa 1:20 ya nuna cewa a cikinsa ne dukan alkawaran Allah suka tabbata, ta wurinsa ne kuma muke ba da tamu amin.

Ikilisiyar farko ta riƙe wannan da muhimmanci. Wajen shekara ta 155, Yustin Shahidi ya rubuta wa Sarkin Roma bayanin yadda Kirista ke sujada, ya ambata cewa in shugaba ya gama addu'ar godiya a kan gurasa da ƙoƙo dukan jama'a sukan amsa da amin, har ya fassara masa ma'anarta. Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya kwatanta amin ɗin Kiristan Roma da tsawa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya, ya koya wa jama'arsa cewa faɗin amin a wajen Jibin Ubangiji kamar sa hannu ne. Katikisma ta Heidelberg ta ƙasar Jamus, wadda aka buga a 1563, tana da tambayoyi 129, ta ƙarshe kuwa a kan ma'anar wannan 'yar kalma ce. Amsar ta koyar cewa tabbacin da ke akwai na Allah ya ji addu'ata ya fi ƙarfin yadda ni kaina nake jin marmarin abin da na roƙa.

Amin marainiya

Malaman Yahudawa na dā sun yi gargaɗi a kan amin iri uku. Akwai ta fizge, wadda ake yi da garaje. Akwai yankakkiya, wadda ake haɗiye ƙarshenta. Akwai kuma wadda suka kira marainiya, wato wadda mutum ya faɗa alhali bai ji addu'ar da aka yi ba. Ba ta da uwa ba ta da uba. Bulus ma ya taɓo wannan a 1 Korinthiyawa 14:16, inda ya tambaya yadda wanda bai fahimci abin da ake faɗa ba zai iya cewa amin ga godiyar wani.

'Yan'uwa, marayun amin sun yi yawa a cikinmu, laifin kuwa kashi biyu ne. Kashi na farko namu ne, mu masu tsayawa a gaba. Mutum ya san rabin jama'a tsofaffi ne da ba su jin Turanci, amma sai ya kama addu'a da Turanci don a san ya yi makaranta, ko ya riƙa gudu da magana, ko ya sa baki cikin lasifika har ba a rarrabe kalma ɗaya. Ya gama, iyayenmu mata su ce amin don kunya. Wannan sa mutum dangwala yatsa ne a takardar da ba a karanta masa ba. Ni kaina na yi wannan kuskure a shekarar da na fito makarantar Littafi Mai Tsarki, sai da wata tsohuwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, Allah dai ya ji ka, amma mu ba mu ji ka ba." Ban manta ba har yau.

Kashi na biyu na masu amsawa ne. Mun mai da kanmu 'yan amshin Shata. Mai wa'azi ya ce kowa zai sayi mota kafin ƙarshen shekara, mu ce amin. Ya ce duk maƙiyinmu ya faɗi ya mutu, mu tashi tsaye mu ce amin da ƙarfi, alhali Ubangijin da ake kira Amin ya ce mu yi wa maƙiyanmu addu'a. A Facebook kuma a sa hoto a ce duk wanda ya rubuta amen zai sami kuɗi cikin kwana uku, sai ka ga dubbai sun jeru, kamar dai kalmar laya ce. Ba laya ba ce. Yawan faɗarta ko ƙarfin muryar da aka faɗe ta ba ya ƙara maki a wurin Allah. Magana zarar bunu ce, wanda kuwa ya ce amin ga addu'ar neman gafara kamar yadda yake gafarta wa waɗansu, ya fita yana gaba da ɗan'uwansa, ai da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci.

Ba cewa nake yi mu daina faɗarta ba. Majami'ar da jama'a ke yin shiru bayan addu'a ta mai da sujada aikin mutum ɗaya. Amin ita ce rabon jama'a, da ita ce addu'ar mai bishewa take zama addu'ar kowa, har da yaro da tsohuwar da ba ta iya karatu ba. Abin da nake roƙo shi ne abu uku. Mai addu'a ya yi ta da harshen da jama'a ke ji, a hankali, a sarari. Mai sauraro ya kasa kunne, in abin ya yi daidai da Maganar Allah ya amsa da dukan zuciya, in bai yi ba ya kame bakinsa, wannan ba rashin ladabi ba ne. Iyaye da malaman makarantar Lahadi kuma su koya wa yara ma'anarta tun suna ƙanana.

Lahadin da ta biyo, na shiga ajin baftisma na ce a ajiye darasin ranar. Na ari ƙwayoyi huɗu daga jakar samarin nan na jera a kan tebur, muka karanta Kubawar Shari'a 27 tare. Da muka kai kan matsar da iyakar gona, sai na ga wanda ya yi mini tambayar nan ya sunkuyar da kai, domin kowa ya san gidansu da gidan baffansa sun shekara biyu ba sa gaisawa a kan kunya uku ta gona. Da aka tashi ya tsaya ya ce, "Malam, wannan amin ɗin tana da wuya." Na ce masa haka ne, ya je ya yi tunani, ba dole sai yau ba.

Allah ya ba mu kunnen ji kafin bakin amsawa, ya sa mu zama masu riƙon abin da muka amince da shi. Wanda ya karanta, ya fahimta, ya kuma yarda, to, shi ne zai ce amin.